Darussan da Ƙwayar Tsiro Ta Koya Mini a Mandera

Duk wanda ya yi sakandare a Nijeriya ya san zanen nan: akwati mai kusurwa huɗu da bango mai kauri, babbar jakar ruwa a tsakiya, cibiya a gefe, da 'yan ƙwallaye kore-kore a warwatse. A ƙasansa an rubuta cewa wannan ita ce ƙwayar halittar tsiro. Shi ake haddacewa, shi ake zanawa a jarrabawar WAEC da NECO, shi kuma ake mantawa da zarar an fito ɗakin jarrabawa. Na daɗe ina koyar da ilmin halittu ga yaran ƙauyukan Boɗinga da Shagari, ina kuma noma a Mandera kamar kowa, gero da wake da damina, albasa da tattasai da rani. Shekara da shekaru sana'o'in nan biyu kowace tana bin hanyarta, allo daban, gona daban. Abubuwan da zan faɗa sai bayan da suka haɗu na san su.

1. Zane ba tsiro ba ne.

Ranar da muka sami na'urar ƙara girma mai aiki, muka ɓare siririyar fatar cikin albasa, muka shimfiɗa a gilashi, muka ɗiga ruwan aidin. Yara suka yi layi suna leƙawa. Ga bango, ga cibiya, ƙwayoyin a jere reras, amma koren ƙwallo ko ɗaya babu. Wata yarinya ta ɗago kai ta ce, "Malam, albasar ce ba ta da kyau, ko na'urar?" Tambayar ta dame ni ƙwarai, domin ta nuna cewa mun koya wa yarinyar ta fi gaskata littafi a kan idonta. Albasar lafiyarta ƙalau. Kan albasa ma'aji ne, ba ya aikin haske, don haka ƙwayoyin fatarsa ba su da kuloroplas, wato koren ɓangaren da ke haɗa abinci da hasken rana. Da muka yanko lawashi, sai ga su cike da ido.

Zanen littafi tattarawa ce. An ɗauko abu daga nan, an ɗauko daga can, an zuba a akwati ɗaya don sauƙin koyarwa. A jikin karan gero guda akwai ƙwayoyi iri-iri, kowace da siffar da ta dace da aikinta: mai shan ruwa a saiwa, mai jan sa sama, mai tsaron ƙofa a ganye, mai haɗa sukari, mai ajiye shi a zangarniya. Shi kansa Robert Hooke, wanda ya fara bayyana ƙwayoyin tsiro a Ingila a 1665, busasshen ɓawon itace ya duba, bangayen matattun ƙwayoyi kawai ya gani. Sai a 1838 Bajamushe Matthias Schleiden ya fito fili ya ce jikin tsiro duka da ƙwayoyi aka gina shi. Marigayi Alhaji Shehu Shagari, tun yana malamin makaranta, ya tsara Waƙar Nijeriya don yara su san ƙasarsu da harshen da suke ji. A ganina malamin kimiyya a wannan yanki ya gaji wannan hanya, kuma kayan aikinsa suna bakin fadama.

2. Kore da ja da fari 'yan gida ɗaya ne.

Tumatirin da aka tsinko ɗanye ya nuna a kwando ba wani ya shafa masa ja ba. Kuloroplas ɗin da ke cikinsa ne suka rushe korensu, suka rikiɗe suka zama ma'ajin jan sinadari. Haka abin yake a tattasai da attarugu, ruwan ɗorawar karas ma a cikin danginsu yake. A rogo da dankali da ƙwayar hatsi kuwa, dangin nan guda sun zama farare, suna tara sitaci. Shi ya sa ɗigon aidin ke mayar da garin rogo shuɗi mai duhu. Rikiɗar tana komawa baya ma. Dankalin turawa da aka bari a rana yakan yi kore, kafaɗar albasar da ta fito daga ƙasa ma haka. A dankalin wannan koren gargaɗi ne, domin tare da shi wani sinadari mai ɗaci da cutarwa yake ƙaruwa, gara a fere shi sosai ko a yar.

Abin da ya fi ba ni mamaki a dangin nan shi ne aikinsu a bakin saiwa. Mai shuka yana jefa iri a rami ne kawai ya take da ƙafa, ba ya duba ina kai ina gindi, amma saiwa ba ta taɓa yin sama. A can ƙarshen saiwa akwai ƙwayoyi masu ɗauke da dunƙulen sitaci masu nauyi, waɗanda ke gangarawa su kwanta a ɓangaren da ke ƙasa, daga nan saiwa take sanin inda za ta nufa. Charles Darwin da ɗansa Francis sun nuna a 1880 cewa idan aka yanke bakin saiwa, takan rasa wannan sani har sai ya sake tohowa.

3. Da ruwa tsiro yake tsayuwa.

Jakar ruwan da ke tsakiyar ƙwaya takan cinye har kashi 90 cikin 100 na cikinta. Idan ta cika, sai ta matsa wa bango, bango ya tokare, ganye ya miƙe. Idan ta rage, sai ganye ya langaɓe. Wannan ne dalilin da ya sa tattasai ke yaushi da azahar ya farfaɗo da almuru ba tare da ya mutu ba. A ganyen dawa da masara akwai wasu manyan ƙwayoyi a jere a saman ganye. Su ne ke fara saki idan ruwa ya yi ƙaranci, sai ganye ya naɗe, ya rage fuskar da rana ke duka. Manomi na ganin dawa ta naɗe ganye ya san ƙasa ta bushe, ya riga ya karanta abin da ke faruwa cikin ƙwaya ba tare da na'ura ba.

Muka ɗiga ruwan gishiri a fatar jar albasa. Cikin ɗan lokaci kaɗan jan ya tattare ya janye daga bango, yara suna kallo. Wani yaro ya ce, "Malam, ashe abin da takin zamani ya yi wa masarar babana ke nan." Ya yi gaskiya a babban ɓangare. Idan aka zuba taki dab da gindin ƙaramin tsiro, ƙasa kuma ba ta da laima, ruwan ƙasa yakan fi na cikin saiwa gishiri, sai ruwa ya riƙa fita maimakon shiga. Mutane da yawa sun yi wannan asara da kuɗinsu, suna zaton taki ne marar kyau, alhali tazara da laima aka rasa.

Jakar nan ba ruwa kaɗai ke cikinta ba. Jan zoɓo a cikinta yake, ruwan zafi ke kashe ƙwayar ya fito da shi. A matsa lemun tsami ya ƙara haske, a jefa kanwa ya yi duhu ya karkata kore. Hawayen albasa ma daga nan suke. Tsiron ya ajiye wani sinadari a jakar, ya ajiye abokin haɗinsa mai farar wuta a wajenta. Muddin ƙwaya na rufe ba sa haɗuwa. Wuƙa ta ratsa, suka gauraya, sai iskar da ke cin ido ta tashi. A 2002 masana a Japan suka gano sinadarin da ke kammala wannan aiki. Wuƙa mai kaifi ta fi dakusasshiya sauƙin hawaye, saboda ƙwayoyin da take farfasawa ba su kai yawa ba.

4. Ba da banza gero ya jure rana ba.

Wannan darasi ya fi sauran tsaya mini a rai, saboda ya shafi abincin da muke rayuwa a kansa. Kowane ganye yana da dubban ƙananan ƙofofi, kowace da ƙwayoyi biyu masu tsaronta. Idan sun sha ruwa sun kumbura, ƙofa ta buɗe. Idan sun saki, ta rufe. Ta nan iskar kabon ke shiga, wadda da ita tsiro ke gina jikinsa, ta nan kuma ruwa ke fita. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da saiwa ta sha ta ƙofofin nan yake tsere. Tsiro a ƙasar Sakkwato, inda damina ba ta wuce wata huɗu ba kuma zafin Afrilu ke haura digiri 40, kullum yana tsakanin yunwa da ƙishirwa: ya buɗe ya bushe, ya rufe ya rasa abinci.

Ganin ƙofofin ba shi da wuya. A shafa man farce marar launi a bayan ganye, a bari ya bushe, a ɗago shi da salatif, a ɗora a gilashi. Na wake a warwatse suke, na gero kuwa a jere suke layi-layi, sirara, da ƙwayoyi mataimaka a gefe waɗanda ke sa su saurin buɗewa da rufewa. Ina cikin shafa man a bakin wata gona a Mandera, wani dattijo maƙwabcina ya tsaya ya ce, "Malam, mi kake biɗa ga kunnen hatsi?" Na ce, "Baba, ƙofofin shan iskarsa nake dubawa, ina son in ga dalilin da ya sa bai jin rana." Ya ce, "Wanga hatsi, rana ce abincinai. Alkama ko, sai da ɗari." A jimla biyu ya raba tsire-tsire gida biyu, daidai da yadda masana suka raba su.

Ga yadda abin yake. Sinadarin da ke kama iskar kabon a cikin kuloroplas, mai suna Rubisko, yana da rauni guda: idan zafi ya yi yawa, ƙofofi kuma sun tsuke, yakan kama iskar oksijin a maimakon kabon, tsiro ya yi asarar da kan kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya tara. Shinkafa da alkama da wake da auduga duk suna fama da wannan. Gero da dawa da masara da rake, har da alayyafo, sun raba aikin tsakanin ƙwayoyi iri biyu. Na waje su ke kama kabon da wani sinadari dabam wanda ba ya ruɗewa, su ƙulle shi, su miƙa shi ga na ciki, wato zoben ƙwayoyi masu kaurin bango da ke kewaye da kowace jijiyar ganye. A can ake sake shi ya taru ninki da yawa a gaban Rubisko, kamar yadda mata ke kifa kwando da tufafi a kan kaskon turare don hayaƙi ya taru wuri ɗaya. Sakamakon shi ne gero na iya tsuke ƙofofinsa ya ci gaba da aiki, kuma kusan rabin ruwan da alkama ke sha ya ishe shi haɗa abinci daidai da nata. Wanda ya yanka ganyen masara a kwance siriri sosai da reza ya ɗora a na'ura zai ga zoben nan da idonsa, kore shar kewaye da kowace jijiya.

Hatch da Slack ne suka warware wannan hanya a Ostireliya a 1966, suna bincike a kan rake. Tsire-tsire masu ita ba su wuce kashi 3 cikin 100 na masu fure ba, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na haɗa abincin da ake yi a doron ƙasa nasu ne. Tun 2008 masana, farawa daga cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin, suke ƙoƙarin cusa wa shinkafa wannan baiwa, har yau aikin bai kammala ba. Gero kuwa a Sahel aka fara noma shi, an sami alamunsa a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali tun kimanin shekara 4,500 da suka wuce. Yaron da ke jin kunyar cewa fura da tuwon gero ne abincin gidansu ya kamata ya san cewa abin da manyan ɗakunan bincike ke nema yana tsaye a bayan gidansu. Ina baƙin cikin yawan ɗaliban da suka wuce ta ajinmu ba su ji wannan ba.

5. Tsiro ma yana numfashi.

Kusan kowane aji yakan zo da fahimtar cewa dabba tana da mitokondiriya, tsiro kuma kuloroplas, kowa da nasa. Teburin bambance-bambance da muke sa su haddace ne ke haifar da haka. Gaskiyar ita ce tsiro yana da duka biyun. Kuloroplas yana haɗa sukari da rana, mitokondiriya tana ƙona shi da oksijin dare da rana don ƙwaya ta sami ƙarfi. Saiwa ba ta ganin haske, da numfashi kawai take rayuwa. Shi ya sa gero ke yin rawaya ya mutu idan ruwa ya kwanta a gona kwana da kwanaki: saiwar ta shaƙe, a tsakiyar ruwa. Shinkafa tana tsira ne saboda tana da hanyoyin iska a cikin kara da saiwa, inda wasu ƙwayoyi suka narke suka bar rami.

Kan albasa bayan an cire shi yana nan da rai, yana numfashi, yana fitar da zafi da laima. A cusa shi a buhu a jibge a ɗaki marar iska, ya ruɓe. Rudun da manoman albasa na Sakkwato da Kabi ke yi da kara da ciyawa, a ɗage daga ƙasa iska na ratsawa, amsa ce ga wannan matsala. Hatsin da aka zuba a rumbu bai gama bushewa ba ma haka yake ɗumama.

6. Matacce ma yana da aiki, mai rai kuma yana da maƙiyi.

Bututun da ke kai ruwa daga saiwa zuwa ganye matattun ƙwayoyi ne. Suna girma, su kaurara bangonsu da sinadarin da ke sa itace tauri, sannan su mutu su bar rami. Itacen girki, da karan da ake darni da shi, yawancinsu gawarwakin ƙwayoyi ne. Zaren auduga ma, kowane sili ɗaya ƙwaya ɗaya ce tak da ta miƙe daga fatar iri har santimita biyu zuwa uku, ta bushe.

Hanyar sukari kuwa mai rai ce, kuma tana nan dab da ƙarƙashin ɓawo. Ƙwayoyinta sun zubar da cibiyarsu don hanya ta buɗe, kowace tana dogara da wata abokiya a gefenta mai kula da ita. Daga wannan hanya darɓa ke tsotsa a dawa da wake. Ita ce kuma mai sassaƙe ke yankewa idan ya zagaye gindin maɗaci da gatari. Bishiyar ba ta faɗuwa nan take, ganyenta na nan kore domin ruwa na hawa ta ciki, amma saiwa ta daina samun abinci, bayan wani lokaci ta mutu a tsaye. Masu neman magani ba mugunta ke sa su ba, buƙata ce, sai dai da za a riƙa ɗiba ta gefe ɗaya a bar sauran, da bishiyar ta warke.

Ƙuduji shi ne maƙiyin da ya san hanyoyin nan sarai. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, tsiro guda na zubar da dubun dubata, kuma suna iya kwana a ƙasa fiye da shekara 10. Ba sa tsirowa sai sun ji wani sinadari da saiwar gero ko dawa ke fitarwa. Daga nan sai ƙuduji ya huda saiwar, ya haɗa bututunsa da nata, ya riƙa zuƙa. Kafin furensa ya bayyana a sama, ya riga ya yi yawancin ɓarnar a ƙasa. An fara gano sinadarin a 1966 a saiwar auduga, wadda ke tayar da irin ƙudujin hatsi amma ba ya iya kama ta, sai ya mutu da yunwa. A kan haka ne masana aikin gona ke ba da shawarar juya gona da auduga ko waken suya, da kuma cire ƙuduji kafin ya zuba iri.

7. Kada ka raina ruwan kududdufi.

Gansakukar da ke rufe tafki bayan damina, wadda ake kauda ta da ƙafa, ita ce abu mafi kyau da muka taɓa sa wa a na'ura. Zare ne na ƙwayoyi a jere, a cikin kowace kuloroplas ya murɗe tun daga wannan kai har wancan. Ba saiwa, ba ganye, ba jijiya, amma tana aikin da kuka da gawo ke yi. A ɗigo guda na ruwan akwai wasu da suka fi ta ƙanƙanta, masu launin kore da shuɗi, waɗanda ba su da cibiya, ba su da kuloroplas, duk da haka suna haɗa abinci da haske. Waɗannan bakteriya ne, kuma masana sun ce irinsu ne suka fara cika sararin duniya da oksijin kimanin shekara biliyan 2.4 da suka wuce.

Wani ɗalibi ya tambaye ni ta yaya abin da ba shi da kuloroplas zai yi aikin kuloroplas. Amsar da masana suka tsaya a kai ita ce, kuloroplas ɗin kansa asalinsa irin wannan bakteriya ne, wanda ya shiga cikin wata ƙwaya ya zauna. Wani masani ɗan Rasha, Konstantin Mereschkowsky, ya faɗi haka a 1905, aka yi watsi da shi, sai Lynn Margulis ta Amurka ta farfaɗo da maganar a 1967. Hujjojin suna da ƙarfi: kuloroplas yana da nasa kundin gado na DNA, mai kama da na waɗannan bakteriya, kuma ƙwaya ba ta iya ƙera sabo, sai dai wanda ke akwai ya rabu biyu. A yawancin tsire-tsire masu fure ta wajen uwa ake gadonsa. Na ga yaran da wannan bayani ya ƙara musu tsoron Allah, na ga waɗanda ya sa su ƙarin tambayoyi, kuma duka biyun sun faranta mini rai fiye da shirun masu hadda.

Abin bai tsaya a ɗakin gwaji ba. A yankin Kanem na ƙasar Chadi, matan Kanembu sun daɗe suna tace irin wannan bakteriya daga tafkunan kanwa, su shanya a kan yashi, su yi miya da shi. Dihe suke kiransa, kuma shi ne abin da ake sayarwa a kantunan Turai da sunan sifirulina saboda yawan furotin ɗinsa. Kimanin rabin haɗa abinci da haske da ake yi a duniya ƙananan halittun ruwa irin waɗannan ne ke yin sa, yawancinsu a teku.

Matsalarmu a nan ita ce lokaci. Tafkunan kusa da mu sukan ƙafe kafin bazara, gero kuma an girbe shi tun kaka. Don haka na nemi izinin shugaban makaranta na dawo da babin ƙwayar tsiro farkon zangon farko, lokacin da gero ke tsaye kuma tafki na da ruwa, na bar albasa da tumatir zuwa zango na biyu da ake cire su a fadama.